Ƙwayoyin da suka dawo da rabin haske

Ambulan ɗin ya iso hannunmu a Samaru cikin tsakiyar hunturu, ranar da hazo ya lulluɓe gari har masu babur suna kunna fitila da hantsi. Bai fi tafin hannu girma ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin awon radiyeshon da ake kira TLD guda 60 da muka aika Turai wata biyu kafin nan, kowacce a raminta cikin farantin roba, da lambarta a gefe da rubutun hannun ɗalibata. An haska su da kabon a wata cibiyar gashin sankara, an dawo mana da su mu karanta. Abin da ya biyo baya ya ci mana sati uku, kuma saura ƙiris mu aika wa mutane wasiƙar da za ta zame mana abin kunya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta lamarin daki-daki, saboda ɗaliban fiziks da ma'aikatan ɗakin gashi da za su riƙe irin waɗannan ƙwayoyi bayanmu.

Wanda bai taɓa ganin ƙwayar TLD ba zai raina ta. Farar aba ce mai kusurwa huɗu, faɗinta milimita 3.2, kaurinta milimita 0.9, nauyinta kamar na ƙwayar shinkafa. Wani irin gishiri ne, litiyam fulorayid, da aka ɗan barbaɗa wa maganiziyam da titaniyam lokacin haɗa shi. Wannan barbaɗin ne ke buɗe 'yan tarkuna a jikinsa. Idan radiyeshon ya ratsa gishirin sai ya tunkuɗe ilektiron daga mazauninsu, wasu su faɗa tarko su maƙale, su zauna a nan wata da watanni. Ranar da aka ɗora ƙwayar a kan ƙarfen na'urar karantawa, wadda muke kira rida, aka gasa ta, sai su kuɓuce, kuma wajen komawarsu gida suna fitar da ɗan haske. Ridar ta ƙirga hasken, mu kuma mu juya shi zuwa gire, wato ma'aunin makamashin da jiki ya sha. Gire ɗaya jul ɗaya ne a kowane kilo. Tun shekarun 1950 Farrington Daniels na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ya nuna za a iya awo da wannan gishiri, John Cameron ya gyara hanyar a shekarun 1960, har yau kuma shi ne a cikin bajon da dimbin ma'aikatan ɗakin hoto ke maƙalawa a ƙirji.

Ɗalibar ba haka kawai ta faɗo wannan fanni ba. Gwaggonta ta yi fama da sankara a bayan hanci, an yi mata gashi, Allah ya ba da sauƙi, amma yawun bakinta ya ƙafe. Na taɓa ganinta sau ɗaya da ta rako yarinyar: gorar ruwa a cikin mayafi, ba ta gama jimla biyu sai ta kurɓa, tuwo kuwa sai an dama shi da miya ya zama kamar kunu. Babu wanda ya yi kuskure a gashin. Halin hasken gama ne, wato irin radiyeshon da aka yi mata gashin da shi. Wanda ƙarfen kobalt 60 na cikin injin gashi ke fitarwa ya fi zafi a zurfin rabin santimita ƙarƙashin fata, daga nan ya riƙa raguwa, a santimita 10 saura wajen kashi 55 cikin ɗari, kuma ba ya tsayawa, sai ya fita ta ɗaya gefen. Duk abin da ke gaban ƙarin da bayansa yana shan rabonsa, har da gurbin yawu.

Furoton da kabon ba haka suke ba. Ƙananan harsasai ne masu nauyi da caji. Suna shiga jiki da gudu suna zubar da kaɗan a hanya, kamar ɗan dako da ya ratsa zaure da tsakar gida da buhu a ka, sai ya isa ƙofar rumbu ya sauke gaba ɗaya. Wurin saukewar shi ake kira ƙololuwar Bragg, da sunan William Henry Bragg da ya lura da ita a farkon ƙarnin da ya wuce. Zurfinta ya danganta da ƙarfin harbin, wanda ake aunawa da MeV: furoton mai MeV 70 yana tsayawa wajen santimita 4 a ruwa, mai MeV 200 wajen santimita 26. Robert Wilson ne ya ba da shawarar a yi magani da wannan a 1946, aka fara gwadawa a kan marasa lafiya a Bakli ta Amurka a 1954, asibitin Loma Linda ya buɗe nasa a 1990. Japan ta fara da kabon a Ciba a 1994, Jamus ta biyo a Damshtat a 1997, sannan Haidelbag a 2009. A nahiyarmu cibiyar da yanzu ake kira iThemba, kusa da Keftawun, ta fara gashi da furoton a 1993. A Najeriya babu ko ɗaya. Amma Zariya ba baƙuwar radiyeshon ba ce: ga sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika, ga Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke riƙe da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Ra'ayina tun da daɗewa shi ne, gara mu iya awon kafin injin ya zo, domin injin kuɗi ke sayensa, awo kuwa sai an yi shekaru ana ɓata ana gyarawa.

Dama ta samu ta hannun wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wata cibiyar kabon. Ya ce idan muka aiko ƙwayoyi zai saka su a tankin ruwa wani dare bayan an sallami marasa lafiya. Muka tsara rukuni 6, kowanne ƙwaya 10. Rukuni ɗaya kusa da bakin tanki, ɗaya kafin a kai ƙololuwa, uku a farko da tsakiya da ƙarshen ƙololuwar da aka faɗaɗa ta yadda za ta rufe ƙari. Na shida ba za a haska shi ba, 'yan rakiya ne, su je su dawo. A kowane zurfi zai auna da cemba, wato ɗan bututun iska da ake ɗauka a matsayin alƙali a wannan sana'a, wanda ƙa'idar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya mai lamba 398 ta shekarar 2000 ta ɗora awon furoton da kabon a kansa.

Shirin da aka yi a nan gida ba ni da abin cewa a kai. Dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya tsaya a kansa. An wanke tarkunan a tanderu, awa 1 a digiri 400, sannan awa 2 a digiri 100, da janareta a kunne don kada a ɗauke wuta a tsakiya. Ba a taɓa ƙwaya da yatsa ba, sai da hantsaki mai zuƙa, domin maiƙon hannu ma yana ba da hasken ƙarya. An haska dukkansu da kobalt, an san wadda ta fi 'yan uwanta haske da wadda ta gaza, an rubuta wa kowacce gyaranta. Sannan aka sake wankewa aka rufe ambulan.

Ranar karatu tana cikin ɗakin tun bayan sallar azahar. Wajen la'asar ta shigo ofishina da takarda a hannu, ko zama ba ta yi ba.

"Malam, don Allah ka zo ka gani. Ko dai rida ta lalace, ko injinsu ba ya ba da abin da suke cewa."

Na bi ta. Ƙwayoyin bakin tanki sun ɗan gaza abin da cemba ta ce, gazawar da mutum zai iya kau da kai a kanta. Na gaba sun ƙara gazawa. Na tsakiyar ƙololuwa sun faɗi sosai, na ƙarshenta kuwa wajen rabi suka bayar. A daidai wurin da ƙarin mara lafiya zai kasance, ƙwayoyinmu na cewa rabin magani ne ya isa. Ta riga ta karanta biyar-biyar daga kowane rukuni, tana shirin ɗora ƙwaya ta shida don ta tabbatar, sai Baba ya dafa murfin ridar.

"'Yata, dakata haka. Wadda kika gasa ta riga ta faɗi maganarta, ba za ta maimaita ba. Ki bar sauran sai mun san tambayar da za mu yi musu."

Wannan dakatarwar ce ta ceci aikin. TLD sau ɗaya ake karanta ta, zafin da ke fito da hasken shi ke share shi. Da ta gasa duka 60 a wannan yammacin, da sai dai mu zauna muna musu a kan lambobi ba tare da abin komawa gare shi ba.

Washegari ta kawo mini daftarin wasiƙa zuwa ga cibiyar, cikin ladabi, tana sanar da su cewa awonmu ya nuna injinsu na gazawa. Na fahimci zuciyarta, tana tunanin wani ne kwance a ƙarƙashin injin kamar gwaggonta. Na ce ta ajiye, mu fara tuhumar kanmu.

Rida muka fara dubawa. Fitilar gwajin da ke cikinta ta ba da abin da ta saba bayarwa, iskar naitirojin na gudu, ƙwayoyin kobalt da muka haska a makon sun fito daidai. Sai maganar hanya: ko na'urar binciken kaya ta filin jirgi ta taɓa su? 'Yan rakiya sun amsa wannan, abin da suka kwaso bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da gire 2 na haskawar, kuma ko da ya yi yawa ƙari zai yi, ba ragi ba. Sai dushewa: tarkuna marasa zurfi suna zubar da abin da suka kama cikin sa'o'i ko makonni, musamman idan ambulan ya kwana a mota mai zafi. Amma babban tudun hasken da muke aunawa, wanda ke fitowa wajen digiri 200, yana riƙe nasa shekaru. Ban da haka, duk rukunan a ambulan ɗaya suka yi tafiya. Zafin da zai rage wa na ƙarshe rabi ba zai ƙyale na bakin tanki ba.

Tuhuma biyu ne suka fi ɗaukar mu lokaci, kuma dukansu sai da muka kira tsohon ɗalibin nawa a waya. Ta farko wurin zama. Gishirin ya ninka ruwa nauyi sau 2.6, don haka ƙwaya mai kaurin milimita 0.9 tana tare harsashi kamar ruwa mai kusan milimita 2. A ƙarshen ƙololuwar kabon, inda makamashi ke faɗuwa kamar bakin rijiya, milimita 2 ba wasa ba ne. Ta biyu ita ce wane gire ake nufi. Kabon ya fi hasken gama ɓarna ga tantanin jiki, a ƙololuwa yakan ninka sau 2 zuwa 3, furoton kuwa ana lissafa shi da 1.1. Saboda haka cibiyoyi suna da lamba biyu, ta makamashin da aka zuba da ta ɓarnar da zai yi. Wanda ya gwada hasken ƙwaya da lamba ta biyu zai ga rabi ko ƙasa da haka, alhali babu abin da ya ɓace. Na ɗauka a nan za mu kama ɓarawon.

"Allah gafarta Malam, wallahi na kiyaye," in ji shi. "Lambar cemba na aiko muku, tsurarta, ban ninka da komai ba. Rukunin ƙarshe kuma na ja shi baya daga bakin faɗuwar, na lissafa kaurin ƙwayar da na robar. Ga hoton yadda na jera su."

Hoton ya zo, lissafinsa ya tsaya. Ba ridar ba ce, ba hanya ba ce, ba wuri ba ne. Injinsu ya ba da abin da ya ce. Ƙwayoyin ma sun sha makamashin. Hasken ne bai fito ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin nan ne zuciyar lamarin. Ka jera kwanuka ɗari a tsakar gida. Idan aka yi yayyafi, kowane kwano ya samu kaɗan, ka tara ka auna, ka san yawan ruwan da ya sauka. Yanzu ka ɗauki wannan ruwan, daidai yawansa, ka sako shi ta indararo ɗaya. Kwano uku da ke ƙarƙashin indararon za su cika su tumbatsa, sauran ruwan ya bi ƙasa, kwanuka 97 su zauna a bushe. Ka tara ka auna, sai ka rantse ruwa kaɗan aka yi. Hasken kobalt yayyafi ne, yana watsa makamashinsa ko'ina cikin gishirin, a kowane maikuromita na hanya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, bai fi kashi uku cikin goma na keV ba, wani ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi. Kabon indararo ne. Tun daga bakin tanki yana zuba sama da keV 10 a maikuromita, a cikin ƙololuwa ya haura 50, a ƙarshenta ya wuce 100, duk a cikin siririn layi. Tarkunan da ke kan layin sun cika, abin da ya rage ya tafi a zafi da wasu hanyoyi marasa haske, tarkunan gefe ba su ga komai ba. Mu kuma da yayyafi muka koya wa ƙwayoyinmu awo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wannan cunkoson shi ne dalilin da ya sa ake kashe dukiya a gina injin kabon. Harsashin da ke zuba makamashi a wuri ɗaya yana tsinke igiya biyu na gadon halittar tantanin sankara a lokaci guda, har ya kasa ɗinkewa. Wato inda jiki ya fi jin zafin harbin, nan gishirin ya fi rage haskensa, kuma sanadin ɗaya ne. Kuskuren bai faɗo a gefe ba, a kan ƙarin ya faɗo. Wanda ya yarda da lambar ƙwaya ido rufe, ya ce a ƙara, zai ninka wa mara lafiya abin da likita ya rubuta, a sana'ar da tun 1976 aka tsayar da cewa kada kuskure ya wuce kashi 5 cikin ɗari.

Bayani daga littafi bai ishe ni hujja ba, ita ma bai ishe ta ba. Muna da ƙwayoyi 25 da aka haska ba a gasa ba. Tsarin ridarmu na yau da kullum, na bajon ma'aikata, yana tsayawa a digiri 300 da sauri, ya ba da lamba ɗaya. Amma gishirin nan yana da tarkuna masu zurfi da ba sa buɗewa sai an wuce digiri 250, kuma an san cewa harsashi mai cunkoso ya fi cika su idan aka gwada da babban tudun. Masu bincike a Biyana ta Ostiriya sun daɗe suna amfani da wannan wajen awo a jiragen sama jannati. Muka sake tsara ridar ta hau a hankali har digiri 400, ta ajiye zanen hasken gaba ɗaya. Baba ya ƙara sharaɗi biyu: a karanta kowace ƙwaya sau biyu a jere a cire na biyu daga na farko, domin a wannan zafin ƙarfen kansa yana ba da haske, kuma a haska wasu da kobalt a karanta su ta wannan hanyar don a samu abin gwadawa. Ya kuma ja mata kunne cewa wannan zafin na wannan gishirin ne kawai, ɗan uwansa mai jan ƙarfe da fosfaras yana lalacewa idan ya wuce digiri 240.

Mun yi karatun da dare, lokacin da wuta ta fi zama. Ta ɗora ta kobalt: dogon tudu ɗaya wajen digiri 200, bayansa ɗan kumburi da ƙyar ake gani. Ta ɗora ta bakin tanki, kumburin ya ɗago kai. Ta tsakiyar ƙololuwa, babban tudun ya rusuna, na bayansa ya fito sosai kamar tozon raƙumi. Ta jera zanen biyar a allon kwamfuta, ɗaya a kan ɗaya, ta yi shiru tana kallo. Da makamashin ne ya ragu, da duka tuddan biyu sun ragu tare, siffar ba ta sauya ba.

"Malam, ashe ta faɗa mana tun farko," ta ce. "Mu ne muka katse ta a tsakiyar magana."

Ba zan wuce gona da iri ba a kan abin da tudu na biyu ke iya yi. Yana nuna cewa cunkoso ya ƙaru, amma idan cunkoson ya yi yawa shi ma yana daina hawa, kuma harsasai biyu mabambanta masu cunkoso ɗaya ba sa ba da amsa ɗaya. A cikin tanki kabon ba shi kaɗai ba ne, yana farfashewa a hanya ya haifi furoton da hiliyam da boron da sauransu, waɗanda ke zarcewa bayan ƙololuwa su bar wutsiya. Don haka gyara na gaskiya sai an kwaikwayi harbin a kwamfuta da manhaja irin FLUKA ko Geant4, a san wane harsashi ne ya ratsa ƙwayar da wane ƙarfi, a ba kowanne nasa gyaran. A furoton matsalar ta fi sauƙi, domin a mafi yawan hanyarsa cunkoson kaɗan ne, sai a 'yan milimitocin ƙarshe take tasowa.

Ta tambaye ni ko da mun yi amfani da OSL da mun tsira. Wannan alminiyam oksayid ne mai ɗigon kabon, ana karanta shi da koren haske maimakon zafi, ya mayar da shuɗi. Babbar falalarsa ita ce ana iya karanta shi sau da yawa, domin kowane karatu kaɗan yake ɗiba, da dakatarwar Baba ba ta zama dole ba. Amma indararo na tumbatsa kwanukansa shi ma. Yana da nasa mai ba da shaida: ban da shuɗin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma rabon da ke tsakanin biyun yana sauyawa da cunkoso. Duk da wannan rauni ba a yar da waɗannan ƙwayoyi ba, kuma bai kamata a yar ba. Ba su da waya, ba sa buƙatar batir, suna shiga inda cemba ba ta shiga, kuma suna tafiya a ambulan. Tun 1969 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya ke aika wa asibitoci irinsu ta gidan waya don a duba injinan kobalt da linak, wato injin gashi mai aiki da lantarki, sai a 2017 suka koma gilashi mai haske.

Wasiƙar farko ba ta tafi ba. Wadda ta tafi ta ƙunshi zanen biyar da roƙon ya aiko mana lissafin irin harsasan da ke kowane zurfi. Taken aikinta ya sauya, daga awon gire a ƙololuwar kabon zuwa awon yadda hasken ƙwaya ke raguwa da zurfi. Ƙwayoyi 25 na farko sun shiga rahoton a matsayin awon babban tudu kaɗai, tare da bayanin dalilin da ya sa ba su da na biyu. A ɗakin gwajin mun ƙara layi biyu a takardar da ke manne a jikin rida: a rubuta irin hasken da aka auna da irin wanda aka koya wa ƙwayar da shi kafin a kunna, kuma kada a karanta fiye da uku daga rukuni sai wani ya duba.

Ambulan na biyu yana kan teburin Baba, zai tafi bayan sallah. An raba shi gida biyu, rabi TLD rabi OSL, za a jera su kafaɗa da kafaɗa a kowane zurfi. Na OSL an naɗe su da baƙar leda ninki biyu, domin su hasken rana ne ke share su.